Wa Ke Ba Lele Alkama?

Maman Lele ta ɗaga ludayin da ta riga ta wanke, ta duba shi a hasken taga. Ba komai a jikinsa. Duk da haka ta sake sheƙa masa ruwan zafi.

Tun ranar da likita ya ce cikin 'yarta ba ya ɗaukar alkama ko kaɗan, ta juye kicin ɗinta kaf. Fulawa ta bar gidan, taliya ta bi bayanta. Ta kyautar da rariya da muciya da katakon murji, ta sayo sababbi. Ta yi ta fama da garin shinkafa da na rogo da ƙwai har burodinta ya daina fitowa kamar bulo. Kowa a gidan shi yake ci, don kada a ɗora tukunya biyu a yi kuskure. Lele ta yi kumatu, ta koma makaranta, surutunta ya dawo.

Kwatsam sai ciwon ya dawo.

Da kumburin ciki ya fara, sai gudawa, sai ƙuraje a gwiwar hannu. Rigar makarantar da ta matse ta ta koma tana yi mata yawo a jiki. Likita ya duba sakamakon gwaji, ya cire tabarau.

"Alkama na shiga cikin yarinyar nan. Ba da yawa ba, amma kullum. Ki bincika."

Ta bincika. Ta daina kai niƙa waje, ta sayi ƙaramin injinta. Ta zubar da sinadarin ɗanɗano da yajin kasuwa. Ta je makaranta, malamar ajin ta rantse Lele ba ta cin komai sai abin da ke cikin kularta. Da aka yi hutu kuwa abin sai ya ƙaru.

Ke nan a cikin gida ne.

Su uku ne manya a gidan. Ita, da Baban Lele, akawu a wani kamfani, wanda ke fita da sassafe da jakar ofis ya dawo da yamma a gajiye liƙis. Sai Inna, mahaifiyarsa, mai ɗakin bakin ƙofa. Inna da ta taɓa cewa, "A zamaninmu yaro ko ƙasa ya ci ƙiba yake yi. Ku bar ƙawata ta ci abinci."

Maman Lele ta sa ido.

Inna ta tsiri fita da hantsi da 'yar jakar saƙa, wai tana miƙe ƙafa, ita da ko tsakar gida sai da dogara bango. Ta kuma karɓe wankin ɗanta, ta shige bayi da shi ta turo ƙofa. In suka haɗa ido da surukarta, sai ta kau da kai.

Wata rana Inna na salla, Maman Lele ta zazzage jakar. Wata farar ƙura ta zubo daga ɗinkin gindinta. Ta ɗiga mata ruwa a tafin hannu, ta murza. Ta yi danƙo. Garin shinkafa ba ya danƙo.

Da yamma ta sami mijinta zaune a kan tabarma, Lele a cinyarsa, yana ba ta abinci a baki da hannunsa. Yanzu in ba daga hannunsa ba, ba ta ci. Maman Lele ta buɗe masa tafinta, ta nuna masa danƙon, ta faɗi inda ta samo.

Lomar ta tsaya a hannunsa. Ya yi busasshen tarin nan da ya addabe shi kwanan nan.

"Ki fitar da Inna daga wannan maganar."

"Baban Lele, yarinyar nan..."

"Na ce ki bari."

Tun da suke, bai taɓa yi mata wannan muryar ba.

Washegari Lele ta yi amai har ta kasa tsayuwa. Maman Lele ta wanke ta, ta shimfiɗe ta a ɗakin maƙwabciya. Da ta ji ƙarar ƙofar Inna, sai ta yafa mayafi ta bi ta daga nesa.

Tsohuwa ba ta yi tafiyar mai ciwon ƙafa ba. Ta wuce kemis, ta wuce masu faci, ta karya wani lungu mai kwata a tsakiya. Tun kafin Maman Lele ta ga hayaƙi, ƙamshin ya dake ta. Gidan burodi. Ta laɓe a bayan tulin itace, tana harhaɗa kalmomin da za ta gaya wa uwar mijinta a gaban jama'a.

Amma Inna ba ta nufi wajen sayarwa ba. Ta zagaya ƙofar baya ta ƙwanƙwasa, ta ciro kular abinci daga jaka. Wani ma'aikaci ya leƙo da buhu a kafaɗa, fari fat da fulawa tun daga gashi har farce.

"Ni na gaji da rufa maka asiri," in ji Inna. "Wanki ba ya fitar da abin nan duka. Sallama daga aiki ba abin kunya ba ne. Yarinyar nan ƙarewa take yi. In ba za ka faɗa wa matarka yau ba, ni zan faɗa."

Mutumin ya sauke buhun, ya goge fuska da gefen riga, ya yi tari. Maman Lele ta leƙo daga bayan itacen, tana kallon Baban Lele yana miƙa hannu ya karɓi abincinsa.