Abin da Raga Ta Riƙe

Ranar Laraba likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwar matata.

"Baba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da raga kewaye da su," in ji shi, yana sarƙe yatsunsa. "Da furotin da sukari aka saƙa ta, proteoglycan muke ce masa. Tana taimakawa wajen riƙe abin da mutum ya sani. Ta Mama tana warwarewa. Abin da ya fi ɗauruwa shi zai rage a ƙarshe."

Duk da karatun da na yi, sai na ɗauka ni yake nufi, ni zan rage a ranta.

Ta manta hanyar kicin, ta manta 'ya'yanmu. Wata safiya ina ba ta shayi, ta kama hannuna, ta yi magana da muryar da ban taɓa samu ba a aurenmu.

"Dogona, ka zo? Yi sauri kafin ya dawo."

Ni ko saman kabad ba na kaiwa sai da kujera. Dogo aminina ne tun muna yara.

Na amsa. Haka na riƙa amsawa har ta rasu, kuma Dogo ne ya riƙe ni a bakin kabarinta.

Abu ɗaya ban samu na faɗa mata ba: ai na dawo.