Ranar da Tela Bai Je Kasuwa Ba

Shekara tara Tela ya yi a ƙasar waje, yana ɗinki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene. A nan yake aiki, a nan yake shimfiɗa katifarsa bayan keken ɗinki. Matarsa da yara biyu suna can gida, kullum alkawarin ɗaya ne: in hali ya samu zai kama ɗaki ya ɗauko su.

Sai ga ƙanensa Auta ya iso. Wani kamfanin gine-gine ne ya ɗauko shi aikin lantarki, aka ba shi ciki da falo, har da firji da labule. Ranar da Tela ya je ganin wurin ya shafa kujera, ya murɗa famfo ruwan zafi ya zubo. Baki ya ce ma sha Allah, amma zuciya tafasa take. Yaron da ya goya a bayansa! Shi kuwa shekara tara ko taga bai mallaka ba. Kada mu ɓoye, hassada ce ta kama shi, kuma ba kamun wasa ba.

Auta bai san abin da ake ciki ba. Ba ya jin yaren garin, bai san farashin ko allura ba, don haka ya riƙe yayansa hannu bibbiyu. Tun a makon farko ya gaya masa cewa kamfaninsu zai ba da ɗinkin rigunan ma'aikata, kuma zai yi masa hanya. Sharaɗi ɗaya ne: tunda kamfani zai damƙa wa tela yadi dami-dami, dole wani ma'aikaci ya sa hannu ya tsaya masa. Tela ya san wannan aikin kaɗai ya isa ya kawo iyalinsa. Har ya buga wa matarsa waya ya ce ta fara shiri.

To, a garin nan baƙo saniyar tatsa ne. Direban tasi da ya ji harshenka ya karkace sai ya ce mita ta lalace, ya yi ta zaga gari da kai. Mai tebur kuwa sai ya kalli takalminka kafin ya faɗi farashi. Tela ya sha wannan a shekarunsa na farko, ya kuma san maganinsa: ka yi ciniki kafin ka shiga mota, ka bari ɗan gari ya fara saye ka ga abin da ya miƙa. Bayanin minti biyar ne, amma bai yi wa Auta ba. A ransa cewa yake, shi wa ya koya masa?

Da ma a nan ya tsaya. Akwai wata ɗabi'a a kasuwar: wanda ya rako baƙo, in ya sosa kunnensa na hagu, mai kaya zai ninka farashi, daga baya ya ajiye masa rabonsa. Duk Asabar Tela yakan raka Auta cefane, ya sosa kunne gaban mai lemo, ya sosa gaban mai bargo, ya sosa gaban mai tukwane. Har cinikin ƙarya yake yi, ya ɗaga murya, ya juya baya kamar zai tafi, Auta na tsaye yana ta godiya yana cewa Allah ya bar zumunci. Ya kuma haɗa shi da wani direba, wai amintacce, mai karɓar kuɗin tafiya uku a kan tafiya ɗaya.

Rabon da yake samu bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ba kuɗin ne ke masa daɗi ba. Ganin albashin Auta yana zubewa shi ke sanyaya masa rai.

Abin da bai lura da shi ba, Auta cikin 'yan gari yake wuni a wurin aiki. Cikin wata huɗu kunnensa ya buɗe, bakin ne kawai ke da nauyi. Wata Asabar Tela ya tsaya ƙarasa rigar gwaji da za a kai wa manajan kamfanin ranar Litinin, Auta ya tafi kasuwa shi kaɗai. Mai lemo ya faɗi farashin da ya saba, ya karɓa, sannan ya juya wajen maƙwabcinsa yana dariya, ya ce da yarensu yau mai sosa kunne bai zo ba, rabonsa ya zama na mai lemo.

Auta ya tambaye shi da yaren, a hankali: wane rabo? Don ya wanke kansa sai mai lemo ya tona komai, har da zancen direba.

Tela na goge rigar gwajin sai ƙanensa ya shigo. Ya ɗaga ta yana nuna masa yadda aljihu ya zauna. Auta bai ko kalle ta ba, ya ajiye ledar lemo a kan keke.

"Yaya, da ka ce kana buƙata, da na ba ka fiye da abin da suke ba ka," in ji shi. "Jibi ni zan tsaya gaban manaja in ce na san amanarka. Da wane bakin zan faɗa?"

Ranar Litinin Auta bai sa hannu ba.

Aikin ya koma hannun wani tela da ke shago na uku a layin. Tela na zaune a bakin matakala aka sauke wa wancan telan damman yadin a kan idonsa. Da rana matarsa ta bugo waya tana murna, ta ce ta sayar da gado da tukwane, yara sun riga sun yi sallama da makaranta, wace rana za su taso? Ya ce mata ta mayar da yaran makaranta.

Jama'a, baƙo amana ne, ko a mota ko a bakin tebur, balle ɗan'uwanka na jini. Wanda hassada ta sa ya bari a cuci nasa, kansa ya fara cuta.