Ranar da Rediyo Ya Kira Sunana

Ni ne ɗan fari a gidanmu a Furfuri, don haka Baba ba ya kiran sunana, saboda kunya. "Kai" kawai yake ce mini, ni kuwa ina zaton bai damu da ni ba ne.

Wata la'asar ya kwaso baturan rediyonsa daga rana, inda ya shanya su don su ƙara ƙarfi. Ya zuba su, ya kunna, ya ce, "Kai, taho ka riƙe eriyar nan, kada ka motsa."

Lokacin wani mawaƙin zamani ke tashe, har makaɗan bikin ƙauyenmu sun koma kwaikwayonsa. Ni ma waƙarsa nake rerawa a gona. Sai mai shirin gaishe-gaishe ya ce wani uba daga Furfuri ya aiko da wasiƙa, ya zaɓa wa ɗansa waƙar, ya faɗi sunana.

Na saki eriyar. "Baba, ni ne!"

"Riƙe mana, za ka ɓata muna waƙa," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Sai bana, a ajin yaƙi da jahilci, na tuna Baba bai iya rubutu ba. Ke nan ya je Gusau, ya tsaya gaban mai rubuta wasiƙa, ya faɗi sunana da bakinsa.