Malamin Gona da Shafin Itatuwa

Tunda ka tambaya ko a bar shafi ya riƙa gyara kansa ko a hana shi, zauna in ba ka misali. An yi wani malamin gona da ya ajiye aiki, ya buɗe shafi a intanet yana tara sunayen itatuwan ƙasarsu. Kowace bishiya da hotonta, da amfaninta, da abin da tsofaffi suka faɗa masa a kanta, kuma yawancin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya. Matar da ta haɗa masa shafin ta saita shi yadda duk sabon gyara da ya fito daga masu manhajar da aka gina shafin da ita zai shiga da kansa, ba sai an tambaye shi ba. Shekara guda ana zaune lafiya. Wata safiya ya buɗe, sai ya tarar an yi wa shafin sabuwar riga, kyakkyawa kuwa, amma duk harafi mai ƙugiya ya koma ɗan akwati fanko. Tsamiya da kuka suna nan daram, amma ɗorawa, ɗinya, ɓaure da ƙirya duk an sare musu kai, kamar an shiga dajin da gatari. Ransa ya ɓaci. Da aka samu aka mayar da haruffan, ya sa aka toshe ƙofar gyara gaba ɗaya, ya ce abin da yake tsaye kada a taɓa shi. Bai sani ba, cikin gyare-gyaren da ya hana har da waɗanda ke toshe kafar da masu kutse ke bi. Wata bakwai shafin yana nan yadda yake so, har ranar da wani tsohon abokin aikinsa ya buga masa waya yana dariya, ya ce, "Malam, ashe bayan fansho caca ka koma? Na je neman maganin basir wajen marke, na tarar ana kirana in zuba kuɗi." Ya duba, ga tallan caca an liƙa ƙarƙashin kowace bishiya, an kuma share bayanin wasu.

Allah ya taimake shi, yana da tsohon kwafi a ajiye, da shi aka mayar da komai. Daga nan bai koma saki ba, bai kuma koma ɗaurewa ba. Ya zauna da mai haɗa shafin suka raba gyaran gida biyu. Ƙananan gyare-gyaren tsaro, waɗanda ba sa jira, ya bar su su shiga da kansu ko yana gona ko yana masallaci. Manyan kuwa, masu sauya fasali da kamannin rubutu, ya ce su tsaya a bakin ƙofa sai ya zo. Kowace Asabar bayan ya karya kumallo yakan ɗauki kwafin shafin ya adana, ya saki gyara ɗaya, sannan ya tafi kai tsaye wajen ɓaure da ƙirya ya gaishe su. In ya ga ƙugiyoyinsu na nan, ya saki na gaba. In sun ɓace, ya koma kan kwafinsa ya jira mako mai zuwa. Waɗanda suka ƙera manhajar gwanaye ne, amma ba su taɓa jin sunan ɗinya ba, balle su san abin da ke karya ta. Har yau shafin na nan, ɗalibai na shiga suna kwasar ilimi, shi kuma aikin bai fi masa tsawon shan kofin shayi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.