Rakiyar Yaya Inusa

Da hannun dama kaɗai Habibu ya tallabi yayansa Inusa har suka haye matakalar gidan likita. Na hagu yana cikin aljihun riga, inda ya saba zama kwanan nan. Sitiyarin tsohuwar motarsa ne ya ɓata masa shi. Duk shofer mai bin hanyar Takieta ya san yadda ramukan gudoro, wato kwalta, ke barin girgiza a hannu, ko bayan an kashe mota.

Shi dai bai taɓa kai kansa wurin likita ba, kuma yakan faɗi haka a tasha da ƙirji a buɗe. Amma da safen nan matarsa Ramlatu ta gaya masa, tana sa masa maɓallin wuyan riga, cewa Yaya ya iso daga Zermu da ciwon rawar jiki, ya kuma rantse ba mai kai shi asibiti sai ƙanensa. Dole Habibu ya bar fasinjan Takieta ga wani.

Abin tausayi. Mutumin da bara ma shi kaɗai ya ɗaure damman geronsa, yau ga hannunsa na hagu yana karkarwa kamar ana kaɗa ƙwarya. Kafin a kira su, karkarwar ta koma dama. Habibu ya girgiza kai: ashe ciwon har yawo yake yi.

Lokotoron, wato likitar, mace ce, Maryama, a shekaru ba ta kai 'yar Habibu ta fari ba. Ta daɗe tana kallon shigowarsu. Habibu ya ɗauka takalmansa take kallo, don tun da ya saye su nauyi suke masa, sai ya ja su a ƙasa.

Ta yi bayani a natse. Masu wannan ciwo, in ji ta, barci yakan sace su da rana tsaka ba sallama, don haka ake auna shi da tambayoyi. Kowace tambaya mutum ya ce ko ba ya yi sam, ko jefi-jefi, ko sau da yawa, ko kusan kullum. Wanda awonsa ya yi sama, sai ya ajiye tuƙi har magani ya zauna masa.

Habibu ya yi dariya. "Yaya ai amalanken shanu yake tuƙawa. Shanun sun fi shi sanin hanya."

"Baba, ɗan ɗaga murya," in ji ta.

Yarinya ƙarama da nauyin kunne, ya ce a ransa. Ya maimaita.

"To, Baba, kai ma za ka amsa. Mukan tambayi ɗan rakiya, mu kwatanta."

Wannan ya yi wa Habibu daɗi. Ya gyara zama.

Ta fara da sauraron radiyo. Inusa ya ce jefi-jefi, yana sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Habibu bai so ganin yayansa cikin kunya ba.

"Yaya, wannan har abin kunya ne? Ni da nake garau, ban san ranar da na ji ƙarshen labarun rana ba. Rubuta mini kusan kullum."

Ta rubuta. Huɗubar Juma'a fa? Habibu ya ce laifin liman ne, ya cika ja. Bayan shan fura? Ai fura don haka aka yi ta. Ana cikin hira da mutum? Ya tuna ranar da ake zancen auren ɗansa, ya farka ya tarar har an shafa fatiha. Ya ba da labarin yana dariya. Inusa bai taya shi ba.

Ta roƙe shi ya nuna wa Yaya yadda ake haɗa babban yatsa da manuni da sauri. Ya yi da dama. Ta ce da hagu. Ya fito da shi ba da son ransa ba, ya yi kaɗan, ya bayyana mata batun sitiyari, ya mayar da abinsa aljihu.

"Saura ɗaya," in ji ta. "A cikin mota, in an ɗan tsaya."

"Wannan ba ta shafi Yaya ba. Mu ne 'yan hanya." Ya ba ta labarin shingen jandarma na Tirmini, inda ya ɗan rufe ido yana jiran a duba farmi, takardarsa ta tuƙi, ƙafarsa ta saki birki, motar ta gangara da mutum goma sha a ciki, har wata tsohuwa ta ɗaka masa duka a ƙeya. Ba abin da ya faru. Tunkiya ce kawai ta yi ɗingishi. Ramlatu ce ta mai da abin babba, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Maryama ta ajiye biro. Ta zagayo teburin, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ba kusa da mara lafiya ba. Ta ce awon ya yi sama sosai, amma akwai magani, kuma mutane da yawa suna shekaru da wannan ciwo suna harkokinsu.

Habibu ya dubi yayansa, wanda ya goya shi suna yara, ya ji ƙwalla ta taru masa.

"Lokotoro, ki gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka. In nawa, ni mai lafiya, ya kai haka, na Yaya ina ya tsaya?"

Maryama ta juya. Inusa ta duba, ta ɗan gyaɗa kai.

Inusa ya sauke dogon numfashi, ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan gwiwa, suka kwanta lamo ko motsi babu.

"'Yata, to na iya dainawa? Kafaɗata ta gaji. Tun safe nake kwaikwayon rawar hannun nasa."