Gurbin Cip Ɗin Baba

Mai gyara ya kwance noti na ƙarshe. Tsohuwar kwamfutar mahaifinsa ce, kuma Baba na ɗaki yana barcin rana.

Cip ɗin sauti, 'yar na'urar da ke sa ta ƙara, kawai zai cire. Kamfanin ya daina yin irinsa tun yana yaro, ga wani da ya kawo gyaran irin kwamfutar ya tsare shi da waya. Ya lallashi zuciyarsa: ai Baba shiru yake buga wasanninsa tun bara, kunne ya yi nauyi. Me zai rasa?

Ya ɗaga murfin. Gurbin cip ɗin wayam, har ƙura ta kwanta a ciki.

"Na sautin kake nema?"

Ya waiga. Baba ne a bakin ƙofa.

"Yana cikin taka ta shago, wadda ta daina ƙara bara har ka kasa cin abinci. Ka ce da kanta ta farfaɗo, na ce maka barka."

Sukudireba ta suɓuce daga hannunsa.

"Kunnena kuwa ras yake, ɗan nan. Tun notin farko nake jin ka."