Filogin Motar Baba

Filogi na uku ne ya ƙi kwancewa, kuma a kansa Auta ta fasa gaɓar yatsa. Ta ja tsaki, ta tsotse jinin, ta sake ɗora soket ta danna da ƙarfin da ya fi na aikin. Zufa na bin gadon bayanta, murfin injin akori-kurar yana mayar mata da zafin rana a ƙeya.

"A hankali, ke! Za ki cinye masa zare," in ji Baba daga kujerarsa ta gindin bango. "Ko daga ƙarar sifanar nan na san cika kike kina batsewa."

Ta ci gaba da murza soket. Da ta buɗe baki, abin da zai fito ba na gaya wa uba ba ne.

Tun kafin a haife ta Baba yake tuƙa wannan motar, kuma duk cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta yarda ta sa hannu cikin baƙin mai ta koyi inji. Sakamakonta ke nan: ranar hutunta, sauran ma'aikata na miƙe ƙafa, ita tana kife a kan akori-kura mai lotsattsen gefe da fitila ɗaya a fashe. Laifin lotsewar ma Baba ya ɗora shi a kan maginin da ya tsuke bakin get, ya tsine masa har ya gaji.

Yau kuwa abin ya fi na kullum. Mai shagon kwanon rufi, wanda shi kaɗai ya rage cikin masu ba Baba dako, ya ce in motar ba ta iso kafin azahar ta kwashi kaya zuwa tsallaken babban titi ba, zai nemi wani direban, kuma ba zai sake kira ba. Baba ya murza makulli da safe, ya karkata kunne, ya yanke hukunci: filogi ne. Ya aika aka sayo sababbi.

Ya buɗe kwalin da kansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ya shafa bakin kowanne, ya gyaɗa kai, sannan ya miƙo. Auta ta karɓa, ta juya masa baya, ta sunkuya cikin injin.

Wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, babban ɗan gidan, wanda rabonsa da ya taka ƙofar nan har an manta. "Ki dai lallaɓa shi, Auta," ya ce, kamar mai ba da sadaka, ya kashe. Ta bi wayar da harara. Kowa ya iya lallaɓawa daga nesa. Ta ɗaga kai ta ga Mama a tagar kicin. Suna haɗa ido Mama ta saki labule.

Ta huce a kan aikin. Ta hure ƙurar ramukan, ta goge kowane filogi da tsumma, ta fara ɗaura shi da hannu har ya zauna, sannan ta ƙarasa da soket. Ta mayar da wayoyin kowace a mazauninta. Ko Baba a zamanin ƙarfinsa bai fi haka tsafta ba.

"Na gama."

Baba ya miƙe da karsashin saurayi. Ya dafa bango, ya dafa bayan motar, ya biyo gefenta har ƙofa, ya shiga ya gyara zama. Ya murza. Injin ya juya, ya juya, ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. Ya taka totur ya sake, har batir ya fara nishi.

Sai ya fito, ya buga ƙofar da ƙarfin da ya sa madubi karkacewa.

"Kin rikita wayoyin! Duk koyarwar da na yi miki, ashe a banza! Da na sani da yayanki na koya wa. Kin tsaya kin zuba min ido ana ƙwace min abincina!"

Da bango yake wannan faɗan. Auta na daga hagunsa, ta damƙe sifana har yatsan ya sake jini.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai ɗauka ba. Ya san mai kiran, ya kuma san abin da zai ce. Ya lalubi kujera ya zauna, kafaɗunsa suka sauka.

"Gobe a kira min makanike," ya ce, muryarsa a dushe. "Na gaske."

Auta ta jefa sifanar cikin akwati, ta saki murfin injin ya faɗi da kansa, ta wuce kicin ta turo ƙofa. Mama na tsaye jikin murhu, ba abin da take dafawa.

"Kin ji ai. Gobe makanike zai zo, kuma kallo ɗaya zai yi ya gane," in ji Auta. "Na gaji da shan zagi a madadinku, Mama. Yau ki gaya masa abin da likitan ido ya ce, ko ni in gaya masa."

Ta zura hannu a aljihu ta zube sababbin filogin nan huɗu a kan tebur suna ƙyalli, don waɗanda ta goge ta mayar cikin injin su ne tsofaffin da ta danne wa baki da guduma don kada motar ta sake tashi, tun ranar da Baba ya daki get da rana tsaka yana rantsuwa a buɗe yake.